Falalu da Fihirisa Mai Hana Tagwaye

Gara ku ji labarin nan daga bakina kafin Falalu ya riga ni, domin yadda yake ba da shi a teburin mai shayi, shi ne gwarzo. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo, saboda haka babu mai gaya mini halinsa. Sunana Kulu. Gidanmu yana Gyaɗi-Gyaɗi, amma wunina a Tarauni nake yi, ina sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke jikin ofishin Ƙungiyar Taimakon Juna ta 'Yan Acaɓa. Tagar ofishin tana kallon tukunyata, duk abin da aka yi a ciki a kan idona aka yi shi.

Maigidana Alhaji shi ne ciyaman na ƙungiyar. Ba na kama sunansa, amma labarin ba ya tafiya sai da shi, don haka ku yi mini afuwa: Haruna Isyaku. Shi ya kafa ƙungiyar tun zamanin soja, lokacin da su 'yan ƙalilan ne a gindin darbejiya. Shi ke zuwa caji ofis belin yara, shi ke tsayawa a asibiti idan mota ta kaɗe wani. Kujerar nan ta fi masa komai, har da barcinsa da abincina. Kuma babu wanda ya taɓa zaɓarsa a kanta, kowa dai ya taso ya gan shi a kai.

Da sojoji suka koma bariki, sai iskar zaɓe ta shiga ko'ina, har masu sayar da rake sai da suka yi nasu. Matasan ƙungiya suka ce su ma ƙuri'a suke so, suka tsayar da wani Mu'azu Dogo. Ana cikin haka wani sabon onarabul, wanda 'yan acaɓa suka sha ƙura a bayan motarsa lokacin kamfe, ya kawo gudummawar kwamfutoci, da wata babba da ake ce wa uwar garke, wadda a cikinta ake tara bayanan kowa. Alhaji ya ga dama ta samu. Yana zargin Mu'azu zai kwaso 'yan haya daga Hotoro da Unguwa Uku ranar zaɓe, sai ya sa aka kafa doka, aka sa hannu: duk wanda sunansa ba ya cikin kwamfuta ba zai yi zaɓe ba, ba kuma zai tsaya takara ba.

Wadda ta haɗa injinan wata injiniya ce, Madam Yetunde, haihuwar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Tana da tsohon ciki a lokacin, kullum a rumfata take cin abinci, ta ce jaririn ne ke son yajina. A nan ta yi mini bayanin abin da suke kira indes. Ta ce in ɗauka fihirisa ce irin ta manyan littattafan malaman zaure. Idan babu ita, mai neman babin alwala sai ya bi shafi bayan shafi. Kwamfuta ma haka take, in aka ce ta nemo mutum ba fihirisa, sai ta bi jama'a ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Amma fa, in ji ta, kowace fihirisa ɗawainiya ce: duk sabon mutumin da aka shigar sai an rubuta shi a cikin kowace ɗaya, kuma kowace tana cin wuri. Shi ya sa ta yi biyu kawai, ta lambar ɗan ƙungiya da ta lambar babur.

Da lokacin haihuwarta ya matso za ta tafi Ibadan wajen mahaifiyarta, sai ta ce a samo wanda zai riƙa kunna uwar garke, ya kashe ta yadda aka koya masa, ya kwafe bayanan a kaset duk Juma'a, kada ya taɓa komai bayan haka.

A nan Falalu ya shigo. Ya yi 'yan watanni a wata makarantar koyon kwamfuta da ke bayan shagon ɗaukar hoton takardu a unguwarmu, ya fito ya sayi tabarau marar magani da jakar hannu wadda ba a taɓa samun komai a ciki ba sai burodi, ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Ya tare Alhaji a zaure ya cika masa kunne da Turanci. Na ce wa Alhaji, yaron nan ya taɓa kwance rediyon Inna don ya gyara, ya mayar ya rage sukurori cike da tafin hannu, tun ranar ba ta kama ko'ina sai tashar da ake Larabci. Alhaji ya ce ni dai ba na son ci gaban ɗan'uwana. Har ya matsa wa Madam sai da ta ba Falalu kalmar sirri ta buɗe komai, wai ai kayan ƙungiya ne. Ta bayar tana kallona, ni kuma ina kallon tukunya.

Motar Madam ba ta wuce Kwanar Dangora ba Falalu ya tara mutane a rumfata ya bayyana shirinsa. Ya ce Madam ta yi ƙoƙari daidai nata, amma fihirisa biyu rowa ce. Shi zai mayar da kwamfutar nan walƙiya, ta yadda ranar zaɓe kafin mutum ya gama faɗin sunansa ta fito da shi har da launin baburinsa, kuma daga nan sai Abuja ta aiko a ɗauke shi.

Ya shiga ya yi ta dasa fihirisa kamar mai shuka gero. Ta suna, ta sunan uba, ta unguwa, ta launin babur, ta mai aure da gwauro. Har ta namiji ko mace sai da ya yi, a ƙungiyar da ko mace ɗaya babu.

Washegari rajista ta tsaya cik. Akwai wata akawu, Ogechi, da ke shigar da sunayen sababbi. Da can kafin mutum ya gyara hularsa an gama da shi. Yanzu sai ta buga suna, ta danna, ta tashi ta zo ta ci wake, ta wanke hannu, ta koma ta tarar uwar garke tana ta gurnani da 'yar fitilarta ja. Daga baya ma saƙa ta riƙa zuwa da ita, kafin sati ya zagayo ta gama wa ɗan yayarta hula. Layi ya miƙe daga ƙofar ofis har bakin titi, babura sun toshe hanya, masu motar haya suna ta zage-zage.

Wani daga cikin layi ya leƙa ta taga ya ce, "Injiniya, ko a ɗora sunan nawa a acaɓa a kai shi ciki? Zai fi sauri."

Falalu ya gyara tabarau ya ce, "Tunani take yi. Kai da ba ka taɓa gwadawa ba, ba za ka gane ba."

Ba a jima ba cikin uwar garke ya cika taf, ta ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Falalu bai ga laifin fihirisoshinsa ba. Ya bincika ya gano wasu manyan abubuwa a kwance a ciki ba sa aikin fari balle na baƙi, ya ce 'yan zaman kashe wando ne, ya share su. Kwafin bayanan ne da Madam ta ajiye don ranar tsautsayi. Kaset ɗin Juma'a kuwa ko ledarsu bai ɓare ba, ya ce kwafi aikin masu shakkar kansu ne. Da ya ga wuri ya samu a cikin inji, sai ya ga ofis ma yana buƙatar sarari. Ya kwashe takardun rajistar da mutane suka cike da hannu, buhu-buhu, ya kai wa mai balangu na kan kwanar Gyaɗi-Gyaɗi kyauta, ya ce zamanin takarda ya wuce. Wani ɗan ƙungiya ya sayi nama da yamma, ya buɗe a gida ya ga hoton fasfo ɗinsa da yaji a goshi. Ya kawo ƙara wajen Alhaji, Alhaji ya ce ci gaba ne, a yi haƙuri.

Zaɓe ya ƙarato, Alhaji ya kasa zaune ya kasa tsaye. An gaya masa mutanen Mu'azu suna yin rajista sau biyu sau uku. Falalu ya yi dariya ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Akwai wata irin fihirisa, in ji shi, mai hana tagwaye, idan aka ɗora ta a kan abu ba ta yarda biyu su yi kama. Ya je ya ɗora ta a kan suna da sunan uba, kwamfuta ta ƙi, ta ce tuni akwai masu suna iri ɗaya a ciki. Falalu ya fito da gudu har tabarau na zamewa, ya ce ya kama maguɗi mafi girma a tarihin Kano, ɗaruruwan sunaye an maimaita su.

Alhaji dai ba yaro ba ne. Ya ce, "To amma Falalu, nan fa Kano ce. Ko a masallacin layinmu in ka kira sunana mutum uku ne za su waiwayo."

Falalu ya ce ai shi ba ɗan koyo ba ne, ya riga ya hango wannan. Zai haɗa da ranar haihuwa. Duk waɗanda sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, kuma rana ɗaya aka haife su a shekara ɗaya, to wallahi mutum ɗaya ne yake wasa da hankalin jama'a. Zai bar na ƙarshen shiga, tunda sabon bayani shi ne ingantacce, ya share sauran. Alhaji ya ji daɗi har ya ce in ƙara wa Falalu nama. Ya juyo ya ce mini, kin gani ko?

Ku da aka haifa a asibiti aka ba iyayenku kati, sai na yi muku bayani. Irinmu haihuwar gida, in ka tambayi uwarka yaushe ta haife ka, sai ta ce shekarar da aka yi fari, bayan babbar salla da kaɗan. Ranar da neman lasisi ya taso sai ka je bakin kotu, mai tafireta na gindin bishiya ya dube ka sama da ƙasa, ya yanka maka shekara mai ƙarewa da sifili, ya buga ɗaya ga Janairu. Ni ɗaya ga Janairu ce. Inna ɗaya ga Janairu ce. Alhaji da duk tsofaffin da suka kafa ƙungiya ɗaya ga Janairu ne. A gidanmu kaf Falalu kaɗai aka haifa a asibiti, auta, ɗan gata, shi ya sa abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Mu kuma da muke da takardun a ƙasan akwati, babu wanda ya taɓa karanta tasa.

Ya share, ya ɗora fihirisarsa, ta zauna daram. Ya fito ya ce ya tsarkake ƙungiya.

Ranar zaɓe aka kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare a Tarauni. Aka ɗauko kwamfuta da uwar garke a bayan a-kori-kura, an lulluɓe su da darduma kamar amare, aka tayar da janareta. Ga wakilin onarabul, ga 'yan sanda, ga maroƙi yana wasa Falalu, wai na Kulu mai magana da ƙarfe. Baturen zaɓe wani tsohon hedimasta ne, Malam Junaidu, mutumin da ko ɗansa ne ya makara sai ya zane shi. Tsarin kuwa ƙato bayan ƙato ne, a tantance ka a kwamfuta, ka je ka tsaya a bayan wanda kake so. Ni ma na kai tukunyata can gefe.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don Allah: wajen nemo suna, kwamfutar ta yi sauri ranar. Chukwuka ya zo, ta fito da shi nan take. Austin ya zo, haka. Su katin baftisma gare su, kowa da ranarsa. Matasan Mu'azu ma yawancinsu haihuwar asibiti ne, suka yi ta wucewa. Can sai ta ƙi wani daga cikinsu. Yaron ya fara rantse-rantse, ya ce da ƙafarsa ya zo ya yi rajista. Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa ya karɓi lasifika.

Ya ce, "Doka doka ce, an wuce zamanin alfarma. Wanda kwamfuta ba ta sani ba, mu ma ba mu san shi ba, ko da uban wa yake yawo."

Aka yi tafi, Falalu ya ɗaga hannu kamar shi aka zaɓa.

Sai layin dattawa ya iso, mutanen Alhaji. Na farko, babu shi. Na biyu, babu shi. Ma'ajin ƙungiya, babu shi. Wani tsoho da ya karye a ƙafa sau biyu a kan aikin nan ya ce wa Falalu ya ƙara dubawa, Falalu ya ce kwamfuta ba ta mantuwa, sai dai in shi Baba ne ya manta bai yi rajista ba. Tsohon ya ce shi ya ɗauko Falalu daga makarantar allo ranar da ya yi fitsari a wando, in ya so a duba wannan a kwamfuta. Fili ya ɗauki dariya. Dattawa suka taru gefe guda suna huci, bayan Mu'azu kuwa layi sai tsawo yake yi. Na ga Alhaji ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Na sauke ludayi.

Malam Junaidu ya ce kafin a ƙirga, doka ta ce a tantance 'yan takara su ma. Mu'azu ya wuce lafiya. Aka zo kan Alhaji. Falalu ya ce wannan ai ko a mafarki, ya buga sunan da yatsa ɗaya yana murmushi, ya juya allon ga jama'a. Suna ya fito. Malam Junaidu ya sa tabaransa, na gaske, ya karanta da ƙarfi: suna daidai, sunan uba daidai, ɗaya ga Janairu daidai. Unguwa, Daurawa. Lamba, dubu biyu da wani abu. Babur, kore.

Ya ce, "Alhaji, kai ne mai koren babur a Daurawa?"

Kowa a filin ya san Alhaji lamba ɗaya ne, kuma baburinsa ja ne tun ranar da aka san shi. Can daga tsakiyar layin Mu'azu wani gajere mai furfura a gemu, da guntun rake a hannu, ya ɗaga yatsa ya ce shi ne, lafiya dai ko? Satin da ya wuce ya yi rajista.

Falalu ya ce ƙaramar matsala ce, yanzu zai dawo da shi daga kwafi. Ogechi ta miƙo masa kaset ɗin a cikin ledarsu. Malam Junaidu ya ce to a kawo takardun hannu. Wani daga baya ya ce a aika wajen mai balangu, watakila bai kai kan ta Ciyaman ba. Falalu ya fara bayani da Turanci, gumi ya cika tabarau, ya cire su ya ci gaba da gani sarai.

Alhaji ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, "Malam, ni ne fa. Kowa ya san ni."

Malam Junaidu ya ce, "Na san ka, Alhaji, tun kafin ka yi gemu. Amma ɗazu da lasifika ka faɗa, kuma ga sa hannunka."

Haka Mu'azu Dogo ya zama ciyaman babu hamayya. Matasa suka ɗaga shi sama, wasu suka ɗaga Falalu ma, yana ta ihu a sauke shi don ya zaci jefa shi za a yi a kwata. Da ya gane murna ce, sai ya gyara zama a kafaɗunsu ya fara ɗaga wa mutane hannu. Da ludayin nan yana hannuna a lokacin, da yau wani labarin ake yi.

Madam Yetunde ta dawo bayan arba'in da goyonta. Ta zauna gaban uwar garke ta duba, ta daɗe, ta faɗi wata magana da Yarabanci wadda ban nemi fassararta ba. Ta ce wa Mu'azu waɗanda aka share sun tafi, amma a bari ta cire fihirisar nan da sauran tarkacen kafin a sake shigar da mutane. Mu'azu ya yi mata godiya ya ce ba sai ta wahala ba, ƙungiya tana da nata injiniyan, wanda aikinsa ya gamsar. Ya ƙara wa Falalu girma zuwa Babban Daraktan Kwamfuta, da kujera mai juyawa.

Alhaji ya yi kwanaki bai fita ba. Amma ba a hawa acaɓa a layin sai da rigar ƙungiya mai lamba, gida kuma sai an ci abinci. Ran nan da safe ya shirya ya bi layin sababbin shiga, a bayan yaran da ya yi belin iyayensu. Ina kallo ta taga. Da ya iso gaban tebur, Falalu ya juyo da kujera ya tambaye shi suna. Alhaji ya faɗa. Aka buga, aka jira, Ogechi ta yi layi biyu na saƙa, sannan kwamfuta ta ƙi.

Falalu ya sassauta murya ya ce, "Yaya Alhaji, akwai mai irin bayananka a ciki, kuma ba ta karɓar tagwaye. Sai dai a canja ɗaya cikin uku: sunanka, ko na mahaifinka, ko ranar haihuwa."

Alhaji ya juya. Ya fita ya hau jan baburinsa ya tafi bakin kotu, mai tafireta ya buga masa biyu ga Janairu, ya dawo ya sake bin layi. Kwamfuta ta karɓe shi, ta ba shi lambar ƙarshe.

Da la'asar ya shigo gida ya shimfiɗa rigar a kan gado, sabuwa fil, tana warin fenti. Ya ce in samo ƙyalle in ƙara mata a gefe da gefe kafin gobe, ba ta rufe masa ciki. Wannan karon 'yan ƙanana aka ɗinka, daidai jikin yaran da ke fara aiki.